Allurar baya a ɗakin tiyata: yadda ta kasance min

Sati uku ke nan da aka yi min aiki aka ciro ɗana, kuma duk mai zuwa barka tambayarta ɗaya ce: "Barci aka sa ki ko allurar baya?" Allurar baya ce, kuma da za a sake, ita zan zaɓa.

Da tsoro na shiga, don yayata ta cika min kunne cewa wadda aka yi wa allurar nan ita da ciwon baya har abada. Likitan sa barci ya zo tun dare, ya tambayi hawan jini da asma, ya ce kar in ci komai awa 6 kafin aiki, don kada abinci ya dawo ya faɗa huhu.

Da safe aka zaunar da ni, na rungume filo na lanƙwasa baya. "Hajiya, kar ki motsa." Wallahi sanyin maganin da aka goga min ya fi tsinin allurar damuna. Maganin, bupivacaine sunansa, ana zuba shi ne cikin ruwan da ke kewaye da laka, can ƙasan baya. Kafin minti biyar ƙafafuna sun yi ɗumi, sun yi nauyi kamar turmi. Ina jin ana ja ana dannawa, zafi kuwa ko ɗigo. Kukan yarona na farko da kunnena na ji shi, abin da mai barci ba ta samu.

Inda na ga gazawarsu: ba wanda ya faɗa min jinina zai iya sauka, zuciyata ta tashi, in kama rawar ɗari har haƙora na haɗuwa. Na ɗauka tafiya ce ta zo. Da an yi min bayani, da ban firgita haka ba.

Washegari kuma ciwon kai ya sauka, irin wanda in na zauna ya taso, in na kwanta ya lafa. Likitan ya ce ai August Bier, Bajamushen da ya fara wannan allura a 1898, shi ma da ya gwada a kansa sai da ya yi kwana tara a kwance. Nawa kwana uku ya yi.

Bayan awa uku allurar ke saki, ɗinki ya fara magana, don haka ki nemi maganin zafi tun ƙafa na fara motsi. Shi kuwa bayana, wurin allurar ya yi tsami kwana biyu, shi ke nan. Yayata har yanzu cewa take in jira lokacin sanyi.