Yawon Kirsimeti a New York: Rockefeller ko Dyker Heights?

Rockefeller Center rukunin manyan gine-gine ne a tsakiyar yankin Manhattan. Nan ake kafa ƙatuwar bishiyar da ake kunna wa fitilu kusan duk shekara tun 1933, ƙarƙashinta ga filin ƙanƙara masu zamiya na ta kewayawa. Kana tsallaka Fifth Avenue sai cocin St. Patrick. Komai kusa-kusa, amma cunkoso ba a magana. Mai tura keken jariri zai sha wahala, ƙaramin yaro kuwa sai an ɗora shi a kafaɗa kafin ya hango bishiyar.

Dyker Heights unguwa ce a Brooklyn, inda masu gidaje ke gasar ƙawata ƙofar gida: fitilu tun daga rufi har ƙasa, ga mutum-mutumin Santa da ya fi mutum tsayi. Sai magariba ta yi abin ke fitowa, kuma daga tashar jirgin ƙasa akwai 'yar tafiya cikin sanyi. Banɗaki ma da wuyar samu, tunda unguwar zama ce.

Ni dai in da yara za a je kuma ƙanana ne, a yi sammako zuwa Rockefeller kafin jama'a su cika. In sun ɗan tasa, a sa musu hula da safar hannu a nufi Brooklyn da yamma.