Common App: Ya Sauƙaƙa Neman Gurbi, Amma Fargabar Jira Tana Nan

Duk mai neman gurbin digirin farko a manyan jami'o'in Amurka da wuya ya kauce wa Common App, dandalin da kwalejoji 15 suka fara a 1975, wanda yanzu jami'o'i sama da 1,000 ke karɓar takardu ta hannunsa. Buɗe asusu kyauta ne, sai dai jami'o'i da yawa suna da kuɗin fom nasu, kuma ɗalibin da ba shi da hali yana iya neman a yafe masa.

Ta fuskar aiki, ya cancanci yabo. Sau ɗaya ɗalibi zai cike bayanansa, ya rubuta maƙalar da ba ta wuce kalmomi 650 ba, malamansa su ɗora wasiƙun shaida, sannan ya aika wa jami'o'i har 20, ciki kuwa har da dukkan takwas ɗin Ivy League, wato rukunin fitattun jami'o'in Amurka da Harvard ke ciki. Sashen ayyukan wajen aji ne ke da matsi, domin gurabe goma ne kawai, kuma bayanin kowanne ba ya haura haruffa 150, don haka yarinyar da ta shekara uku tana koya wa yara karatu dole ta dunƙule aikinta a layi biyu. A ganina wannan matsi alheri ne, tunda yana hana cika baki.

Inda nake da ja shi ne abin da ke biyo bayan aikawa. Sauƙin nema ya taimaka wajen ƙara cunkoso, ga shi kuwa daga 2022 zuwa 2024 Harvard ba ta ɗauki ko kashi 4 cikin 100 na masu nemanta ba. Sakamako kuma ba a dandalin yake fitowa ba, kowace jami'a shafinta daban. A ƙarshen Maris, ranar da jami'o'in Ivy League ke sakin nasu lokaci guda, ɗalibi yana zaune da tarin kalmomin sirri, gabansa na faɗuwa, yana buɗe shafi bayan shafi.

Tsarin Early Decision, wato neman gurbi da wuri a jami'a guda, wanda galibi ake rufewa ranar 1 ga Nuwamba, yana rage jiran zuwa tsakiyar Disamba, amma alkawari ne da ɗalibi da mahaifi da jami'in ba da shawara na makaranta suke sa wa hannu: in an ɗauke ka, sai ka janye sauran takardunka, ba tare da ka ga tallafin kuɗin karatun da wata jami'a za ta ba ka ba. Iyalin da kuɗi ke yi wa nauyi ya kamata su yi dogon nazari kafin su shiga.

Wanda kuma jami'o'i biyu ko uku suka ɗauka yana da zuwa 1 ga Mayu ya zaɓi guda, kuma shi da iyayensa ne za su jera takardun tallafin su kwatanta. Mai son MIT (jami'ar fasaha ta Massachusetts) ko Jami'ar Kalifoniya ya sani cewa fom ɗinsu daban yake.