Arial Rounded MT Bold: salon rubutun da nake yawan komawa kansa

Ni dai indai aikin kanun rubutu ne ko hoton gaban bidiyo ko fosta ta yara, kafin in ankara hannuna ya kai kan Arial Rounded MT Bold, na gwada wasu da yawa amma sai in ga na dawo masa. Kamfanin Monotype ne ya fitar da shi a 1993, ƙanin Arial ne wanda Robin Nicholas da Patricia Saunders suka zana a 1982, kuma yana zuwa ne tare da Microsoft Office da kwamfutocin Mac, shi ya sa mutane da yawa suna da shi ba su ma sani ba.

Abin da ya sa nake sonsa shi ne bakin haruffan. Ba shi da ƴan ƙafafun nan da ake gani a ƙasan haruffan Times New Roman, sannan duk inda layi ya ƙare an zagaye shi sumul kamar an goge da hannu, ba kaifi ko ɗaya. Ka rubuta T babba ka ƙara girmanta ka gani, kowane baki kamar kan yatsa. Ga kauri kuma, daga nesa ma ana karantawa, amma ba ya yi wa mutum tsawa irin yadda salon Impact yake yi, magana yake cikin fara'a. Na taɓa yi wa ƴata katunan koyon baƙaƙe da shi, harafi ɗaya a kowane kati, wallahi sai ga ta tana bin layin da yatsa tana zagayawa, ban ma ce ta yi ba.

To amma fa kar ka kuskura ka zuba doguwar magana da shi, sakin layi biyu kawai shafin ya yi baƙi ƙirin ido ya gaji. Wanda yake zuwa da Office kauri ɗaya ne tal, ba siriri, idan ka danna B na ƙara kauri kwamfuta ce kawai take ƙara masa kitse ramukan haruffan a da e su matse. Sannan I babba da l ƙarama kusan abu ɗaya ne, rubuta kalmar Illa ka ga sanduna uku a jere.

Abin da ya fi ci min rai kuwa shi ne ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Kana rubuta ƙasa sai Word ya aro ƙ daga wani salon daban, siririya mai kaifi, ta tsaya a gaban sauran haruffan kamar baƙuwa, duk kyan kanun ya lalace. Sau da yawa sai na sauya kalma gaba ɗaya don in kauce mata, abin ba daɗi gaskiya.

Masu cewa VAG Rounded ya fi shi tsari ba su yi ƙarya ba, wancan Volkswagen aka yi wa a 1979 kuma Apple ya daɗe yana sa shi a madannan kwamfutocinsa kafin ya fara sauya shi a 2015, sai dai sayensa ake yi. Idan kyauta kake nema ga Nunito a Google Fonts, yana da siriri yana da mai kauri. Amma kanu gajere na kalma uku ko huɗu marar harafi mai lanƙwasa, har gobe Arial Rounded nake ɗauka.