OpenBSD ko Debian: wacce za ka ɗora wa sabarka?

Ɗan'uwa, ka ce za ka kafa saba da za ta ɗauki shafin intanet da rumbun bayanan wani ƙaramin kamfani, kai kaɗai ne za ka riƙa kula da ita, kuma ka ji ana cewa kafar kutse biyu kacal aka taɓa samu a jikin OpenBSD, wadda kamar Debian babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta. Shin ka bar Debian, wadda hannunka ya riga ya faɗa a kanta, ka koma can? Don wannan aikin dai, ni a ganina ka yi zamanka a Debian. Ga dalilina.

Maganar kafa biyu ba ƙarya ba ce. Theo de Raadt ya bar NetBSD, wata manhaja irinta, a ƙarshen 1994 ya kafa OpenBSD a 1995 a birnin Calgary na Kanada, kuma kafofin da suka amsa cewa mai kutse zai iya bi ta cikinsu daga nesa su ne ta OpenSSH a 2002 da ta IPv6 a 2007. Amma akwai sharaɗi a ƙirgen: ana maganar manhajar ce yadda take ranar da aka girka ta, kafin ka ƙara mata komai, lokacin da kusan babu abin da ke sauraren waje sai SSH, hanyar shiga saba daga nesa. Kamar a yaba wa shago ne da cewa ba a taɓa yi masa sata ba a ranakun da yake kulle. A Janairun 2020 kamfanin Qualys ya gano ɓaraka a OpenSMTPD, manhajar wasiƙu ta OpenBSD, wadda ke miƙa wa mai kutse cikakken iko a kan na'ura. Ƙirgen bai motsa daga biyu ba, domin a tsarinta na asali manhajar ba ta karɓar saƙo daga waje. Wanda ya buɗe ta don karɓar wasiƙun kamfaninsa kuwa, ƙirgen bai tsinana masa komai ba. Haka abin zai kasance da zarar ka ɗora PHP da MariaDB da WordPress, manhajojin da za su riƙe shafin da rumbun bayanan.

Kada ka ɗauka raina masu OpenBSD nake yi. Mutanen nan suna da wata ɗabi'a da ban ga irinta a wani wuri ba: suna toshe hanya tun kafin a san ɓarawo zai bi ta nan. A Yulin 2024 aka bankaɗo ɓarakar da aka raɗa wa suna regreSSHion, wadda ta shafi OpenSSH a kan Linux, Debian na ciki. OpenBSD ta tsira saboda wani gyara da suka yi tun 2001. A 2016 suka kawo pledge, a 2018 suka ƙara unveil, waɗanda ke sa manhaja ta ɗaure kanta da kanta, ta yadda ko an kame ta ba za ta iya taɓa abin da ba hurumin aikinta ba ne. A 2018 ɗin ma suka kashe Hyper-Threading, dabarar ƙara wa na'ura gudu, a tsarin asali, suka yarda na'ura ta rage gudu da dai a bar ƙofar leƙen bayanai. Da Heartbleed, ɓarakar da aka samu a manhajar ɓoye bayanai ta OpenSSL, ta girgiza duniya a Afrilun 2014, su ma ta shafe su, amma a watan nan suka tsaga OpenSSL suka fara LibreSSL.

Debian kuma, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana da tabon da ba ya ɓoyuwa. A 2006 wani mai kula da kunshin OpenSSL ɗinsu ya cire wasu layuka don ya rufe bakin wata manhajar bincike da ke ƙorafi. Ashe layukan ne ke samar da lambobin da ba a iya hasashe. Kusan shekara biyu ba wanda ya lura, sai a Mayun 2008 Luciano Bello ya gano cewa makullan da aka ƙera a Debian da Ubuntu a wannan tsakanin ba su wuce kimanin 32,000 ba ga kowane nau'i. Mai kutse zai iya gwada su duka ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya kafa hujja da wannan a kan Debian, yana da gaskiyarsa.

Labarin xz, manhajar matse fayiloli, na Maris 2024 ya nuna fuska biyu. Wani da ya yi amfani da sunan Jia Tan ya ɗauki shekaru yana neman yardar masu aikin, sannan ya dasa ƙofar baya a sigogi na 5.6.0 da 5.6.1. Andres Freund ne ya gano, shi ma don ya ga shiga ta SSH ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Hanyar da dasashen ya bi ya kai ga SSH ita ce facin da Debian da Fedora suka yi na haɗa SSH da systemd, mai tayar da manhajoji a Linux, abin da OpenBSD ba ta da shi. Duk da haka, gubar ta tsaya ne a sigogin gwaji na Debian, ba ta taɓa kaiwa ga tsayayyiyar sigar da ake ɗora wa saba ba. Nawar da ake yi wa Debian gori a kanta ce ta yi rana.

Kar kuma ka ruɗu da masu jera adadin lambobin CVE, wato lambobin da ake ba kowace ɓarakar tsaro da aka gano. Debian na ɗauke da kunshin manhajoji fiye da 50,000, kuma kusan duk ɓarakar da aka samu a ɗayansu sai an rubuta da sunanta. Dole nata ya fi yawa.

Inda hukuncina ya tsaya shi ne batun faci, wato gyaran da ake fitarwa don toshe ɓaraka. OpenBSD na fitar da sabuwar siga duk wata shida, kuma biyun ƙarshe kawai take yi wa gyara. Ke nan aƙalla sau ɗaya a shekara sai ka ɗaga dukkan tsarin. Umarnin syspatch da sysupgrade sun sauƙaƙa aikin ƙwarai, amma sai ka tuna ka yi. Tsayayyiyar sigar Debian kan samu gyaran tsaro na kimanin shekara biyar idan aka haɗa da tallafin dogon zango, kuma unattended-upgrades zai riƙa sauke facin da kansa, har da na PHP da MariaDB, wuraren da za a fi kawo maka hari. Mutum ɗaya da ke gudanar da saba yana kuma gyaran firinta da amsa kiran oga, shi ne ya fi kowa mantawa da sabuntawa. In kuma aikinka zai buƙaci Docker, mai gudanar da manhajoji a keɓe, magana ta ƙare, domin ba ya aiki kai tsaye a OpenBSD.

Wataƙila wani ya ce maka ai AlmaLinux da Rocky Linux na ba da gyaran tsaro na shekara goma ga kuma SELinux, mai taƙaita abin da kowace manhaja za ta iya taɓawa, a kunne. Haka ne, zaɓi ne mai kyau, muddin ba za ka kashe SELinux ɗin ranar da ya fara hana ka abu ba, kamar yadda da yawa ke yi.

Girka Debian 13, ka hana shiga SSH da kalmar sirri sai da makulli, ka kunna sabuntawa ta atomatik, ka bar AppArmor, takwaran SELinux a Debian, yadda ka same shi. Ranar da kamfanin ya iya sayen na'ura ta biyu, ko da ƙarama ce, ɗora mata OpenBSD ka ajiye ta a gaba tana tace masu shigowa da katangar tsaronta ta PF, tana riƙe da WireGuard don shigarka daga nesa. Duka biyun suna cikin tsarinta na asali, a nan kuwa ƙirgen kafa biyun zai yi maka amfani.