Na gama digiri na biyu na tauhidi ta intanet daga Damagaram, amma daren jarrabawar nan bai bar raina ba

Takardar shaidar ta iso hannuna a ƙarshe, cikin ambulan mai kauri, wani ɗan'uwa ne ya riƙo mini ita daga Yamai. Tun ranar wayata ba ta huta ba. Abokan hidima daga Mirya, Magarya, Tasawa har Maraɗi, tambayarsu ɗaya ce: "Fasto, mu shiga ko mu haƙura?" Makarantar tauhidin nan ta ƙasar waje mai koyarwa ta intanet kun san ta, ita ce wadda tallarta ke yawo a zaurenmu na WhatsApp, kuɗinta ma kun sani. Abin da na gani da idona cikin shekara uku shi zan faɗa.

Karatun kansa ba ni da ta cewa. Na shiga a Satumban 2021 ina riƙe da ikkilisiya, kuma ban ajiye sujada ko ɗaya ba saboda shi. Darussan a naɗe suke, in sauke su da tsakar dare lokacin da layi ya saki, in saurara da rana tsakanin gaida marasa lafiya da taron dattawa. Ajin kai tsaye ƙarfe 7 na yamma ne a wurinsu, mu nan ƙarfe 1 na dare, da haka na saba. Ni da na yi karatuna na farko a Jos, Ingilishi bai wahalar da ni ba, amma wanda lakwal ɗin Faransanci kaɗai ya yi, ya sani babu mai fassara masa ko layi ɗaya.

Abin da ya biya ni shi ne Helenanci, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi. Shekara goma sha huɗu ina wa'azi a kan Matiyu 18, misalin bawan nan da aka yafe wa bashi mai yawa ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa, ban taɓa sanin cewa kalmar da ta ce sarki ya yafe bashin a aya ta 27 ita ce aka sake kawowa a aya ta 35, inda ake zancen yafe wa ɗan'uwa, ba. Faransanci ya raba su, bashi da kalmarsa, laifi da tasa. Hausarmu ce ta tafi daidai da asalin: a yafe bashi, a yafe laifi. Lahadin da na yi wa'azi da wannan, wata tsohuwa cikin zumuntar mata, wadda aka ƙona mata ɗaki lokacin ƙone-ƙonen majami'u na 2015, ta tare ni bakin ƙofar majami'a ta riƙe hannuna ta ce, "Fasto, wato sai na yage takardar bashin ke nan?" Ranar na ce ko nawa na biya ban yi asara ba.

Da a nan abin ya tsaya, da kowa na ce ya shiga.

Kowa ya tuna abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka rufe iyaka, kuɗi suka yi wuyar fita da shiga. Wuta ta koma rabo, unguwa-unguwa, ba ka san sa'ar zuwanta ba balle ta tafiyarta. A ƙarshen watan nan ne jarrabawata ta ƙarshe ta Helenanci ta faɗo. Jarrabawar tasu da na'urar sa ido ake yi: kyamara a fuskarka awa biyu, ba ka tashi, ba ka duban gefe, kowa ba ya shigo maka ɗaki. Kwana goma kafin ranar na rubuta musu halin da muke ciki, na roƙi a ɗaga mini ko a ba ni wata hanya. Amsar da ta zo lambar koke ce, da alƙawarin za a tuntuɓe ni. Babu wanda ya tuntuɓe ni.

Na yi shirin da zan iya. Na kai kwamfuta shagon wani ɗan ikkilisiya mai sola ta cika, na sayi mega mai yawa, na cika fitilar caji. Minti arba'in da farawa aka ɗauke wuta. Na kunna fitilar, na ci gaba. Ashe batirinta ya riga ya gaji. Kafin minti ashirin ta yi ja, ta mutu. Jan rubutu ya fito a allo, wai ba a ganin fuskata, in ban gyara cikin minti ɗaya ba za a rufe jarrabawar. Tashi laifi ne, zama cikin duhu laifi ne. Daga inda nake na kira maman yara. Ta shigo da tocilan, ta zagaya bayan kwamfutar ta haska mini fuska, ta ce, "Maigida, ya isa haka?" Na ɗaga mata kai. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kusan awa guda tana tsaye, in hannun dama ya gaji ta mayar hagu, sauro na cizonta, ko tari ba ta yi ba, har na aika amsa ta ƙarshe.

Bayan kwana huɗu wasiƙa ta zo. An ga mutum na biyu a ɗakin, an ji murya cikin harshen da ba a gane ba, saboda haka an ba ni sifili, kuma an rubuta satar amsa a takarduna har sai kwamiti ya zauna.

Na karanta ta sau uku a tsaye. Matar da ko harafin Helenanci ɗaya ba ta sani ba, ita ce wai ta ba ni amsa. Abin da ya fi ci mini rai, rabin kuɗin karatun nan daga asusun ikkilisiya ya fito, dattawa ne suka yarda da bakinsu. Dole na tara su bayan sujada na karanta musu wasiƙar, ina fassarawa, kalmar sata tana fitowa daga bakina a kaina. Ni ne mai sa hannu a littafin baiko. Babba cikinsu ya yi shiru ya ce, "Ɗana, mu mun san ka. Je ka bi haƙƙinka." Maman yara kuwa kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, tana ganin ita ta jawo mini.

Wata uku ina bi. Saƙo bakwai, kowane da sabon mai amsawa, kowane sai na faro labarin daga tushe. Wani ya ce in kawo takarda daga kamfanin wuta mai nuna an ɗauke wuta a gidana a wannan sa'a, alhali labarin yanke wutar ƙasa guda yana cikin kafafen duniya. Na rubuta musu ma'anar kalmomi huɗu da matata ta faɗa, aka ce sai fassarar tafinta mai hatimi. Makarantar da ta koya mini kada in yanke wa aya hukunci sai na duba abin da ke gabanta da bayanta, ita ce ta yanke mini hukunci da hoton daƙiƙa goma.

Wadda ta fitar da ni malamar darasin ce, wata dattijuwa. Da labarin ya kai gare ta, ta zauna ta kalli bidiyon tun daga farko har ƙarshe, abin da babu wanda ya yi a ofishin. Ta kira ni ta WhatsApp, ta ce in buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, in karanta aya ta 17 zuwa 19 da Helenanci, in warware mata kowane fi'ili. Minti ashirin muka gama. Kafin ta ajiye ta ce in ba ta matata, ta gaishe ta, ta gode mata, ni ina tsakiya ina fassara. Allah ya saka mata. Saboda ita kaɗai na kusa sake cewa ku shiga.

Amma ofishin ya goge zargin ba tare da ko kalmar ban haƙuri ba, sannan ya ɗora mini kuɗin sake jarrabawa, dala 150, dalar Amurka fa, ba tamu ba, kusan jika 90 na sefa. Aka ƙara da tarar jinkiri, don ɗan'uwan da ke biya mini da katinsa a Kano yake, iyaka kuma a rufe.

Tunda na taɓo, bari in faɗi sauran da ke raina. A tarihin ikkilisiya mun karanta majalisar Nikiya ta 325, mun karanta Agustin, mun karanta Luta da gyaran ikkilisiya na 1517, na ji daɗinsu. Amma darasin kiwon ikkilisiya an rubuta shi ne don fasto mai ma'aikata da albashi da filin ajiye motoci. Babu mako ɗaya a kan yadda ake hidima inda Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, inda maƙwabcinka liman ne, kuna gaisawa kullum, kuna zuwa wa juna suna da ta'aziyya. A nan Damagaram mishan ɗin SIM suka fara aiki a Nijar tun 1924. A garin nan aka ƙona majami'u ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, kuma a garin nan wasu maƙwabta Musulmi suka ɓoye 'yan'uwanmu cikin gidajensu. A kan wannan na rubuta kundina. Ɗakin karatunsu na intanet cike yake da littattafai, amma abin da na samu a kan ikkilisiyar Nijar bai taka kara ya karya ba. Hira ashirin da biyu na yi da tsofaffi, ni na kwafe, ni na fassara, mai duba aikin kuma yana ta ce mini in rage dogaro da maganar baka.

Ga matashin faston Magarya da ya kira ni jiya, abin da na ce masa ke nan: in ba ka da sola da batir mai riƙo, kada ka fara. In koyarwa kake nufi da takardar, bincika ko CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci da ke tantance takardun digiri, ta san da ita kafin ka biya ko dala. Kuma ka sa su rubuta maka, da sunan mutum ba lambar koke ba, abin da za a yi ranar da wuta ta ɗauke kana cikin jarrabawa.

Zargin na yafe, na faɗa a gaban dattawa kuma na faɗa a gaban Ubangiji. Jika 90 ɗin kuwa ba nawa ba ne da zan yafe. Baikon mata masu sayar da ƙosai ne da na tsofaffin da ke kwance bakin zane su ciro dala ashirin. Makon jiya na sake rubutawa a mayar wa ikkilisiya kuɗinta, an ba ni lambar koke ta takwas.