Na'urar awon tansiyo da na saya wa Inna

Wata 7 ke nan da na sayi na'urar awon hawan jini a wani farmasi kusa da babbar kasuwar Maradi, jika 25. Irin ta damtse ce. Akwai ta wuyan hannu mai araha, amma majo, wato babban ma'aikacin jinya na gidan likitan unguwarmu, ya ce ta damtse ta fi faɗin gaskiya, sai na bi maganarsa.

Saboda Inna na saya. Da ta ji ƙarfin jikinta sai ta tura magani ƙarƙashin katifa, ta ce: "Ɗiyata, lafiyata lau, mi zan yi da ƙwaya?" Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum yana cikin hidimarsa, ba ciwon kai ba jiri, sai a ji ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye.

Ranar farko na ruɗe. A gidan likita 14/9 ake ce mana, na'urar kuma ta nuna 168/98. Ashe lissafi ɗaya ne: 14/9 shi ne 140/90, kuma daga nan ake cewa jini ya hau. Na juya wa Inna fuskar na'urar, ta daɗe tana kallon lambar ba ta ce uffan ba. Da dare da kanta ta nemi maganin. Surutuna na shekara 2 bai yi abin da lambar nan ta yi ba.

Aiki da na'urar ba wuya, maɓalli ɗaya ne, amma tana da sharaɗi. A zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu bisa tebur daidai ƙirji, kuma ba magana. Wannan na ƙarshe shi ne yaƙinmu kullum. Ba shayi ba goro rabin awa kafin awo. Ina awo sau 2, minti 1 tsakani, in rubuta a kayen ƴan lakwal da muke kai wa majo ranar ganin likita.

Abin da ban so ba: ɗamarar hannun daga santimita 22 zuwa 32 take. Gwaggona mai jiki ce, da ƙyar ta zagaye damtsenta, kuma ɗamara in ta matse tana ƙara lamba ta tada hankalin mutum a banza. Ku auna damtse kafin ku biya. Takardar bayani ma ba Hausa a ciki. Pil 4 take ci, na teburin bakin titi ba su yi mini wata ba, sai da na koma masu tsada.

Majo ya ja mini kunne: na'ura ba likita ba ce, kada in ƙara ko in rage ƙwaya da kaina. In ta kai 180/120 ga ciwon ƙirji ko gani dishi-dishi, ko kuma baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, ko mi lamba ta nuna, a nemi mota a tafi asibiti nan take. Lambar mai adaidaitar layinmu na rubuce a bangon kayen.

Mun rage gishiri da magi a miya. Awon safiyar yau 134/84, kuma Hajiya maƙwabciyarmu ta riga ta aiko jikanta ya tambaya ko za ta shigo bayan la'asar.