Gashin ƙashi ga mai jiri a Katsina: inda aikin yake da kyau da inda yake da gyara

Mai jiri a Katsina yakan fara da kemis, a ba shi Stugeron ko Stemetil, in bai ji sauƙi ba a ce taifot ne ko hawan jini. Kaɗan ne ake turawa wajen masu gashin ƙashi, alhali akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ga kuma ƙananan wurare masu zaman kansu a cikin gari. Hukuncinmu a kan wannan aiki shi ne: yana da amfani ƙwarai, amma fa sai an fara gano wane irin jiri ne. Duk wurin da ya tsallake gwaji ya kai ka kan na'urar ɗumama wuya, kuɗinka kawai zai ci.

Inda aikin ya fi burgewa shi ne jirin da ke tashi idan mutum ya juya a kan gado, ko ya ɗaga kai sama, ko ya sunkuya ruku'u da sujada. Ɗaki ya riƙa juyawa, kafin minti ɗaya ya lafa. Can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam da ke taimaka wa jiki sanin tsayuwarsa. Tsufa, ko buguwar kai irin ta faɗuwa daga babur, kan sa su ɓalle su faɗa ɗaya daga cikin bututu uku masu ruwa da ke kowane kunne, galibi na baya. Da an motsa kai sai su gangara su kaɗa ruwan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka juyi ake yi. Ƙwaya ba ta mayar da su mazauninsu.

Ƙwararre zai yi gwajin Dix-Hallpike, wanda aka sani tun 1952. Zai zaunar da kai a kan gado, ya juya kanka digiri 45 zuwa gefe ɗaya, ya kwantar da kai rigingine da sauri, kan ya ɗan sauka ƙasa da bakin gado kamar digiri 20. Idanunka zai zuba wa ido. In tsakuwoyin suna wannan kunnen, bayan 'yan daƙiƙu ƙwayar ido za ta fara fizga. Daga nan sai juyin Epley, wanda ke mayar da tsakuwoyin mazauninsu: a bar ka a haka daƙiƙa 30 zuwa 60, a juya kan digiri 90 zuwa ɗaya gefen, a jira, ka mirgina bisa kafaɗa hancinka na kallon ƙasa, a sake jira, sannan ka tashi zaune a hankali. Duka bai kai minti goma ba, kuma mafi yawan mutane zama ɗaya ko biyu ya ishe su. Jirin yakan dawo bayan watanni ko shekaru, sai a maimaita.

Kurakuran da ke ɓata juyin sanannu ne. Gaggawa: a juya kai kafin tsakuwoyin su gama gangarawa. Barin kai ya ɗago a tsakiyar juyi, sai su koma inda suka fito. Yin juyin a kunnen da ba shi ne ba. Wani lokaci kuma tsakuwoyin ba a bututun baya suke ba, a na kwance suke, wanda gwajinsa da juyinsa daban ne, Epley ba zai yi masa komai ba. Mai ciwon ƙashin wuya ya faɗa tun farko. Mace kuma tana iya neman ma'aikaciya mace, domin ana riƙe kai da kafaɗa, kuma dole a cire goggoro mai tudu.

Aji na biyu na masu jiri shi ne wanda jijiyar kunnensa ta raunana, ko bayan kumburin jijiyar, ko sanadin allurar jentamaisin, ta kashe ƙwayoyin cuta, da ake yi barkatai. Shi ba juyi yake buƙata ba, horo ne. Ya riƙe kati mai harafi ɗaya a tsawon hannu, ya kafe shi da ido yana kaɗa kai dama da hagu na minti ɗaya zuwa biyu, harafin bai dushe ba. Aƙalla sau uku a rana, jimillar minti 12 zuwa 20, na makonni huɗu zuwa shida ko fiye. Sai tsayuwa ƙafa a haɗe, ido buɗe sannan a rufe, a kusurwar ɗaki da kujera a gaba, daga baya a kan katifa, sai tafiya ana waige. Ɗan jiri lokacin horo daidai ne, in dai ya lafa cikin kamar minti 20. A nan ne wasu wuraren ke gazawa: ba sa rubuta wa mutum atisayen gida, ba sa ƙara wahalar atisayen mako bayan mako, ba sa kuma tambayar ƙwayoyin da yake sha. Shan Stugeron fiye da 'yan kwanaki yana jinkirta sabawar ƙwaƙwalwa, a tsofaffi yana ƙara haɗarin faɗuwa.

Wuri mai kyau yana yin awon hawan jini a kwance, sannan bayan tsayuwar minti ɗaya da minti uku. In lambar sama ta sauka da 20, matsalar ta jini ce ko ƙarancin ruwa, abin da ke yawaita da zafin Afrilu da lokacin azumi, sai a mayar da kai ga likita. Mai ciwon suga kuma a duba tafin ƙafarsa.

Jirin da ya zo da ganin abu bibbiyu, ko harshe ya karye, ko gefe ɗaya ya saki, ko matsanancin ciwon kai, ko mutum ya kasa tsayuwa sam, wannan ba na ɗakin gashi ba ne. Yana iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki, a wuce da shi sashen gaggawa nan take.